Tsakuwar Kamfaninmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na zagi wurin aikina a gaban mutum shida ba, da bakina, ba wanda ya sa ni, har aka ƙara mini shayi saboda daɗin zagin.

Shekarata ta biyu ke nan a Yamai a lokacin. Iyalina suna Damagaram, ni kuwa ina wani ɗaki guda a Kalley, ina aikin sakatare a wani ƙaramin kamfanin gyaran hanyoyi. Aikina buga takardu, ɗaukar waya, da cewa "patron ya fita" alhali maigidan yana ciki yana barci. Ranakun aiki da sauƙi. Lahadi ce wahala. Kowace kusurwa ta unguwa akwai fada, maza sun kewaye butar shayi suna ta dariya, ni kuwa sallama ce kaɗai tsakanina da su. Zabarmancina bai wuce gaisuwar "fofo" ba, kuma ban iya cusa kai ba. In matata ta kira, minti uku mun gama: yara lafiya, akuya ta haihu, sai an jima. Shi ya sa na sayi wani tsohon keke a kasuwar Wadata, duk Lahadi in fita bayan gari in yi ta tuƙi har in gaji, don kawai yinin ya ƙare.

Ran nan, tsakiyar bazara, na ce bari in bi hanyar da kamfaninmu ya gyara wata biyu da suka wuce, wadda ta ratsa ƙauyukan masu lambu a bakin kogi. (Ni na buga takardar da ta ce an kammala aikin "cikin inganci". Har layi na ja a ƙarƙashin kalmar.)

Daga nesa hanyar kyakkyawa ce, baƙa wuluk. Sai ka hau ta da keke za ka san abin da aka yi: an yayyafa kwalta siririya kamar man shanu a burodin marowaci, aka watsa tsakuwa a kai. Motoci sun share tsakiya, sun tura tsakuwar duka gefe, wato daidai inda mai keke ke bi. Wata kamiyo, babbar motar kaya, ta taho a guje, na kauce, tayar gaba ta nutse, ta baya ta zame. Ban san lokacin da na rabu da keken ba. Na dai tsinci kaina kwance a kan kafaɗa, tafin hannuna cike da ƙananan duwatsu masu zafi.

Mutanen da suka ɗaga ni daga wata rumfa suka fito, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Rumfar wani tsoho ce mai facin taya, Baba Nomau, mutumin Dogon Dutsi, shi ne mai Hausa sosai a cikinsu. Aka zaunar da ni a benci, ana ta "kala suru, kala suru", wato in yi haƙuri. Baba ya kawo ruwa da allura ya fara tsince mini duwatsun hannu.

"Kai ne na uku yau, ɗana," in ji shi. "Kafin a gyara hanyar nan ramuka ne, amma rami kana ganinsa ka kauce. Wannan kuwa ba ta da gefen kirki."

Ya nuna mini wani mutum da hannu rataye a wuya, Hamma, mai kai tumatir kasuwar Petit Marché. Da kwando biyu ya faɗi, ƙashin kafaɗa ya karye, sati biyar ke nan bai je kasuwa ba. Wani ya ce ƙwan zabinsa duka a wurin suka fashe. Wani kuma ya ce yanzu tura kekensa yake yi har ya wuce wurin, kamar mai jan jaki.

Aka miƙo mini shayi. A nan ne fa shaiɗan ya same ni. Wata nawa ban zauna cikin mutane an miƙo mini kofi ba? Na ji ina so in faɗi abin da zai sa su juyo gare ni. Sai na buɗe baki.

"Ai ɓarayi ne," na ce. "Injin daɓe hanyar ma kwana biyu ya yi ya lalace. Maimakon su gyara, sai suka ce a bari motoci su daɓe ta."

Baba ya fassara, rumfa ta ɗauki zafi. Na ƙara da cewa kwalta sau biyu ya kamata a zuba, sau ɗaya aka yi. Na kwaikwayi tafiyar patron da tumbinsa (ban ce na san shi ba, na ce haka irinsu suke tafiya). Hamma ya yi dariya har ya riƙe kafaɗa. Aka zuba mini kofi na biyu. Wallahi na ji daɗin da ban ji ba tun barina gida.

"Amma Malam, yaya aka yi ka san duk wannan?" Baba ya tambaya.

"Ina sauraren rediyo, Baba."

Ya gyaɗa kai. Sai ya lura jini ya ɓullo ta kafaɗar rigata. "Cire ta in duba, akwai sauran duwatsu a nan."

Na cire. Na manta sarai da abin da ke ciki. Da safe, da yake duk singiletina suna cikin wanki, na zura rigar tallar da aka raba mana ranar buɗe hanya: ruwan ɗorawa shar, da hoton injin daɓe hanya a ƙirji, da sunan kamfani. Ba sai mutum ya iya karatu ba, domin hoton nan shi ne a jikin babban allon da ke tsaye taku goma daga rumfar.

Hamma ya dubi ƙirjina, ya dubi allon, ya sake duban ƙirjina. Mai shayi ya sauke butar a hankali. Na so in ce kyauta aka ba ni, na so in ce a gwanjo na saya, amma bakin da ya yi rabin awa yana zuba ya ƙi motsi.

Baba Nomau ya matso kusa. Ya naɗe hannun rigar, ya ci gaba da aikinsa, yana jefa kowane dutse cikin wani gwangwanin tumatir, ƙwal, ƙwal. Da ya gama ya wanke ciwon, ya miƙe mini tayar da ta lanƙwashe, sannan ya sa mini gwangwanin a hannu.

"Kai wa maigidanku, ɗana. Kayansa ne, kada ya ce mun riƙe."

Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni, da ya fi mini sauƙi. Na tura kekena na kama hanya, ta tsakiya, inda babu tsakuwa, motoci suna ta yi mini oda. Sai da na yi nisa na ji dariyarsu ta tashi, ba ni a ciki.

Gwangwanin kuwa, ƙarya zan yi in ce na kai. Ranar Litinin na shiga da shi biro, wato ofis, na tsaya a ƙofar patron, na ji tarinsa, na dawo na tura shi cikin durowa. Da ya tambayi abin da ya sami hannuna, na ce a makewayi na zame.

Abin da na koya dai shi ne, kaɗaici ya fi kowane ɗan sanda iya sa mutum magana: kofi biyu na shayi suka ishe ni na tona asirin kamfani duka, ban da nawa. Wannan kuwa rigata ce ta tona, don ta fi ni gaskiya.