Rasuwar Bilandar Najiba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa kallon jama'a, ni Hakim na Birnin Konni nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Bilanda, injin markaɗen matata Najiba, wadda ta cika ranar Asabar da la'asar, a hannuna.

Marigayiyar ta shigo gidanmu cikin kayan ɗakin amarya, kyauta daga surukata Hajiya Badi'a ta Badaguishiri. Mai tsafta ce, mai biyayya ga uwar ɗakinta. A ba ta abarbar Kwatano da nono da ɗan sukari, sai ta ce "wuuuu" cikin ladabi, ta miƙo abin da ke sanyaya zuciya. Ranar da aka samo jajayen 'ya'yan itacen nan, sitiroberi, daga Sakkwato, maƙwabta har layi suka yi. Najiba kaɗai ke taɓa ta, ta wanke ta, ta mayar da ita kabad ta rufe. Ni nawa sha ne.

Ciwon ajali ya same ta bayan Najiba ta haihu ta tafi gidansu wankan jego. Namiji mai mutunci ba ya buɗe kabad ɗin matarsa. Ni na buɗe. Na ɗauki marigayiyar zuwa fadarmu ta shayi, don abokai su san gidana akwai wayewa. Abarba ta wuce lafiya, aka tafa mini, kaina ya kumbura. Sai abokina Bawa ya zazzage busasshiyar aya da ba a jiƙa ba, da dabino har da ƙwallonsa, ya ce, "Zuba mata, ai ƙarhe ta! Wanga shi na abincin maza." Na san ba daidai ba ne, amma na ji kunyar a ce ina tsoron mata. Na zuba.

Ta ce "ƙarr, ƙarr." Ta ce "gau." Ta yi ɗan hayaƙi mai warin roba, ta yi shiru. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya dube ni, ya girgiza kai. Wallahi da ma zagina ya yi.

Ta rasu ta bar murfi ɗaya, da kofin awo, da rabin abarba, da magidanci wanda ba ya iya cin tuwo. Ta kuma bar Bawa, wanda tun ranar wayarsa ba ta shiga.

Za a yi mata sutura da kwalinta na asali ranar Juma'a da safe, a kwantar da ita a tsakar gida. Ba za a binne ta ba sai danginta sun gan ta. Ranar ce Hajiya za ta rako Najiba da jariri, kuma jiya ta kira ni ta ce ta sayo sitiroberi, tana so ta ɗanɗana abin da ɗiyarta ke yabo. Na ce Allah ya kawo su lafiya.

Dangin marigayiyar ba su sani ba tukuna, don haka kada kowa ya kai gaisuwa Badaguishiri. Ana neman dattijo ɗaya mai tausayi da zai tsaya gaban Hajiya ya faɗa mata. Ni za a same ni a bayan gida, wurin awaki, sai an kira ni.