Kwana Bakwai Ina Gida

Jama'a, ranar Talata na wuni a bakin titin Turawa, ni da rago, muna kallon juna. Ƙanena Sulle aka yi wa haihuwar fari a Ruwan Bago, suna Laraba da safe, ragon kuma ni na yi alkawari. Motar hukuma da ta saba ɗaukarmu ko ƙurarta ban gani ba. 'Yan haya kuwa duk suna layin mai tun makon jiya.

Can sai ga maƙwabcina Muntaka a kan keke.

"Malam, wa kake jira? Ai an janye motar. Kwamfuta ta ce ba ma tafiya."

"Wace kwamfuta?"

"Wadda muka yi wa ƙarya mana."

Nan na tuna. Da damina, Mai Girma Sarkin Takardu, Allah ya ƙara masa biro, ya aiko ma'aikata gida-gida. Wai kowa ya faɗi inda zai je daga Asabar zuwa Juma'a, da lokacin fita da na dawowa, za a zuba a na'ura a birni ta tsara mana mota daidai buƙata. Tunani mai kyau, wallahi. Abu ɗaya ne ranka ya daɗe bai tambaya ba: a garin nan wa yake faɗin ranar tafiyarsa? Ni da ko uwargidana Laure sai na sa takalmi take sani, saboda tsoron baki. Sai baƙo da biro a kunne ne zan zayyana wa?

Na ce ya rubuta "ina gida". Litinin ina gida, Talata ina gida. Muntaka, wanda babu kasuwar da ba ya ci daga Karaye har Rogo, shi ma yana gida kwana bakwai. Har direban motar, an ce, yana gida.

Na'ura ba ta san kara ba, ta gaskata mu. Aka kai motar inda ake buƙata, kuma cikin ikon Allah sai ya zamana garin su ranka ya daɗe ne.

Haka na ja rago a ƙasa. Rago ya gaji, na gaji, muka kwana a hanya. Na isa Laraba bayan azahar, an riga an raɗa suna da akuyar maƙwabta. Kunya ta kama ni sosai. Sulle ko ragon bai kalla ba.

"Yaya, ina ka tsaya?"

Na ce masa a littafin hukuma ban ma fito ba.

Da na dawo, Laure ta ce ma'aikacin nan ya zo da sabuwar takarda, ta binciken dalilin da ya sa mutanen Turawa ba sa son tafiya. Ya yi ta sallama bai sami magidanci ko ɗaya ba, duk muna hanya a ƙafa.

"Me kika ce masa?"

"Na ce ya duba takardarsa, kana ciki."