Shafin Ƙarshe a Kasuwar Kifi ta Kado

Wani ne a Abuja, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, ɓangaren ajiye fayil. Lokacin nan ne da farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai ya fara zubowa, abokan aikinsa kowa na neman fili ko mota ko wayar hannu. Shi kuwa gogan naka abu ɗaya ya sa a gaba: littattafan labarin shari'a, irin waɗanda ake kama mutum a shafi na uku, a yi ta ja maka rai har shafi ɗari huɗu kafin a gaya maka ko shi ne ko ba shi ba ne. Bai taɓa taka ƙofar kotu ba fa. Amma ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya gyara tsayuwa ya ce, "A iya sanina, kuma ba wanda ya tilasta ni, ƙarfe biyu."

Ran nan ya sayi wani na gwanjo a tashar Jabi, wajen Musbahu mai baza littattafai a ƙasa kusa da motocin Kaduna. Ƙaton littafi, gaba da hoton gudumar alƙali, baya babu bango. Labarin wani tsohon kuku ne da ake zargi ya zuba wa maigidansa guba a shayi. In aka same shi da laifi, rataya ce. Lauyarsa kuma wata sabuwar shiga ce, shaidarta guda ɗaya tak, shi ma ya gudu.

Kai, littafin nan ya kama mutumin nan! A ofis sai ya cusa shi cikin bangon fayil ya duƙufa, har ogansa ya wuce ya ce, "Da ma'aikata irinka uku gare mu, da ƙasar nan ta gyaru." A gida matarsa ta ce, "Malam, tuwo na hucewa."

"Ki bari, ana yi wa likita tambayoyi."

Bayan salla ta ji yana addu'a, Allah ya kuɓutar da kuku.

"Wane kuku kuma?"

"Ba ki san shi ba. Yana tsare, bawan Allah. Ni kaɗai na san bai aikata ba."

Ranar Alhamis da hantsi ya kai shafi na ɗari uku da casa'in da shida. Alƙali ya gyara tabarau, ya ce, "Bayan na saurari ɓangarorin biyu, wannan kotu ta sami wanda ake tuhuma..." Shafi ya ƙare. Gogan ya lashi yatsa, ya juya. Tafin hannunsa ya gani. Ya girgiza littafin, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya zazzage fayil. Babu shafin ƙarshe.

Ko takalmi bai sa daidai ba ya tari tasi sai Jabi.

"Musbahu! Ina ƙarshen littafina?"

"Oga, lafiya? Ai ka ga bayansa a cire ka saya."

"Bango na gani a cire! Mutum na jiran igiya a wuya, kai kana zaune kana shan rake?"

Musbahu ya tofar da ɓawon rake. "Wa za a rataye?"

"Shi ne nake so in sani!"

"To, ni dai duk takardar da ta zube, a buhu nake tarawa. Jiya na kai wa Mabel mai suyar kifi a Kado, da su take ƙunsa wa mutane. Ka yi sauri, matar nan akwai ciniki."

Ya sake tarar tasi sai Kado. Ya sami Mabel gaban ƙaton kasko, tana juya tarwaɗa, buhun takardu a gefen ƙafarta. Ya yi gaisuwa a gurguje ya kai hannu zai buɗe buhu. Ta buge hannun da matsami.

"Oga, wetin? Ɓarawon takarda ne?"

"Madam, shafi ɗaya kawai nake nema. Zan saya."

"Takarda ba na sayarwa ba ne. Ka saya kifi, takarda ya bi shi kyauta."

"To bari in zaɓi takardar da kaina."

"Babu zaɓe. Wanda hannuna ya kama, shi ne naka. Haka nake yi shekara goma, ba zan canja don kai ba."

Ya ce a ba shi ɗaya. Ta ƙunsa, ya warware: tambayoyin jarrabawar lissafi. Ya ce a ƙara. Fom ɗin neman biza. Ya ce a ƙara. Wannan karon wata takardar ofis ce da sa hannunsa a ƙasa, an rubuta "a gaggauta", daga wani fayil da aka shekara biyu ana nema a ma'aikatarsu. Ya waiga dama da hagu, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, "Madam, ci gaba."

Kifi ya taru a gabansa ba wurin ajiyewa, ga shi ba ci ya zo yi ba. Sai ya fara karɓe takarda yana miƙa kifin ga duk wanda ya wuce. Kafin ka ce me, masu dako da 'yan tasi da masu tura baro sun yi layi. Wani ya ɗaga hannu sama ya ce, "Sai ka yi, Alhaji! Sai ka yi!"

Wani ya matso kunnensa. "Ranka ya daɗe, wace kujera ake nema? Ina da matasa a Jabi."

"Hukunci nake nema!"

"Allah ya ba da nasara. Kotun zaɓe ke nan."

Mabel kuwa bakinta har kunne. Ta aika a ƙaro kifi daga cikin kasuwa, ta ce da maƙwabciyarta, "Wannan oga Allah ne ya kawo ta." Rana ta take, gumi ya jiƙe masa kaftani, buhu ya kusa kaiwa ƙasa. Zuciyarsa ta fara karaya, har ya ji ƙwalla, don ya tuna tsohon kukun nan yana da jika mace da ke kai masa abinci gidan yari. Ya ce a ba shi na ƙarshe. Ta ɗauko wani kan tarwaɗa mai zafi, ta barbaɗa gishiri da yaji, ta ƙunsa. Ya warware. A saman takarda ya ga lamba: ɗari uku da casa'in da bakwai.

Ya yi kabbara da ƙarfi, 'yan layi suka amsa ba su san dalili ba.

Sai dai mai ya riga ya cinye takardar. Ta yi shara-shara, rubutun gaba da na baya sun hau kan juna. Ya ɗaga ta sama, ya runtse ido, ya juya ta. A nan ya ga kamar "rataya", a can ya ga kamar "sallama", bai san wanne ne a wane gefe ba.

"Kada ka yi kuka, oga," in ji Mabel. "Zuba mata garin kwaki, ka shanya a rana. Gari zai sha mai, rubutu zai fito."

Ta ɗebo masa gari cikin hannu. Ya shimfiɗa takardar a kan wani dutse bakin hanya, ya barbaɗa a hankali kamar mai sa wa jariri hoda. Ya ce ba zai karanta hukuncin ran mutum da hannu duk ƙarni ba, bari ya wanke. Ya juya wajen buta.

Daidai nan wani dattijon Bafulatani ya biyo da shanunsa, sanda a kafaɗa. Wata farar saniya ta ratse daga garke. Ga gari, ga gishiri, ga mai. Harshe ɗaya ta yi.

Gogan ya waigo ya ga kusurwar takarda tana shigewa baki. Ya kurma ihu, ya yi tsalle ya rungumi wuyan saniya. "Tofar! Tofar, don girman Allah!" Saniya ta dube shi, ta haɗiye.

Ya saki saniya ya tari dattijo, ya nuna shi da yatsa kamar yadda lauyar take yi. "Baffa, ina gargaɗinka, ka faɗi gaskiya. Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Ga ni nan gabanka, Malam."

"Ka yarda wannan dabba taka ce?"

"Tawa ce, har uwarta."

"Ka san abin da ta ci? Hukuncin kotu ta ci! Kwana tara ina bin shari'ar nan. Na bar ofis, na ciyar da rabin Kado. Yanzu wa zai gaya mini an rataye shi ko an sake shi?"

Dattijo ya dubi saniya, ya dubi gogan, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Aradu, Malam, ba abin tashin hankali ba ne. Ka biyo mu ruga bayan Ushafa, ka tsaya a bayanta. Gobe da safe za ta fitar da hukunci."