Ranar da Shanu Suka Halarci Walimata

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar tarewarmu a sabon gida ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

Gidan yana bakin garin Gaya, ta hanyar Balan. Tsohon gini ne, ɗaki uku da zaure, amma abin da ya tafi da hankalina shi ne wani dogon fili fetal a bayansa, ba shuka ba gini. Da rani ne muka je gani. Mai gidan ya nuna mini ɗakuna da rijiya, bai ce komai a kan filin ba, ni ma na ja bakina na yi shiru (tsoro nake kada in tuna masa ya ƙara farashi). A raina na ce na yi tsintuwa.

Surukina, mahaifin matata Hajara, manomi ne a Gafasa, mutum ne mai ƙarancin magana. Da na kai masa labari sai ya ce, "Kafin ka biya, ka ɗauko safiyo ya auna maka, ya kafa duwatsun iyaka. Ka kuma tambayi mai unguwa."

Na ce, "Baba, ai ni malamin lissafi ne. Awo sana'ata ce."

Ya dube ni ya ce, "To." Gaskiyar magana girma nake nema a wajensa. Tun da na auri 'yarsa yake mini kallon ɗan boko da bai san komai ba sai alli, kuma abin yana ci mini rai. Na ƙudura wannan gidan ne zai wanke ni.

Na biya. Na ɗauki igiyar guga da tef ɗin ɗinkin Hajara na auna filin nan tsaf, na zana taswira a bayan takardar jarrabawa, har da kibiyar da ke nuna arewa. Na sayo zana na toshe shi gaba da baya, na kafa rumfa a tsakiya.

Ranar walima damina ta riga ta sauka, gero ya fito a gonaki. Na shimfiɗa wa baƙi tabarmi a filin, na zaunar da Baba a gaba kusa da liman. Ina cikin babbar riga na miƙe na hau jawabin da ba wanda ya roƙe ni. "Baba, nan za a yi wa Hajara lambu. Can kuma ɗakin baƙi ne, in kun zo nan za ku sauka." Shi dai ƙasa yake kallo.

An ajiye farantan shinkafa ke nan sai muka ji kukan shanu. Zanar gabas ta fara rawa. Can sai ga kan wani farin bijimi ya faso ta, ya tsaya yana kallonmu kamar mu ne baƙinsa. Kafin a ce me, zana ta kwanta, garke guda ya kwararo. Jama'a suka watse, kowa da faranti a ka. Liman ya ɗare bakin rijiya da takalmi ɗaya. Ni kuwa (wannan ne wurin da ya fi ba ni kunya) na zaro taswirata daga aljihu ina ɗaga wa shanu, ina ihu, "Kai! Gidan mutane ne nan!"

Wani dattijon Bafulatani ya biyo bayansu da sanda a kafaɗa, ya yi sallama cikin natsuwa. "Sannu Malam, kai ne sabon mai gidan? Ai nan burtali ne, hanyar shanu. Tun zamanin kakana in an yi shuka ta nan muke bi zuwa mashaya."

Na ce, "Amma ai na auna!"

Ya dubi zanar nan ya dubi ta can. "Wallahi ka auna daidai. Ko taku ɗaya ba ka rage mana ba."

Dariyar da aka yi har mata suka leƙo daga cikin gida. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya taya dattijon cire zanar yamma don shanu su wuce. Na matsa kusa da shi na ce, "Baba, dama kun gane?"

"Tun da na shigo na ga kashin shanun bara," in ji shi. "Na ga kana jawabi ne, ban so in katse ka ba."

Sati na zagayowa na ɗauko safiyo da kaina, har jaka na riƙe masa. Dutsen iyakar da ya kafa bai fi taƙi biyu daga katangar ɗakina ba. A ranar na gane iya auna fili daban, sanin na waye daban, kuma na biyun ba ya cikin manhajar da nake koyarwa.

Yanzu duk sanda na je Gafasa, Baba ba ya kiran sunana. Yana hango ni sai ya ce wa mutanen majalisarsa, "Ku matsa wa mai burtali ya zauna." A yi ta dariya. Amma a gefensa yake zaunar da ni, abin da bai taɓa yi ba a da.