Gara Ta Cinye Jan Littafi

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da ƙurar gawa da har yanzu ba ta fita daga farcena ba, ni da unguwa ke kira Farfesa nake sanar da rasuwar Jan Littafi, babban kundin tarihin yaƙi da siyasar zamaninmu. Ya cika a hannuna yau da hantsi a shagon Mai Aski, a gaban mutane masu rabin aski da cikakkiyar mugunta. Ina wannan rubutu ina jiyo dariyarsu daga tsallaken titi.

Marigayin ya shigo gidanmu tun ina saurayi. Ƙato ne, mai jan bango, mai ƙamshin tsohuwar takarda. Ya san wanda ya fara harbi da wanda ya fara gudu. Ya san juyin mulkin da aka yi da tankoki da wanda aka yi da gidan rediyo kawai. Ya lissafa garuruwan da aka ƙone, muryarsa ba ta taɓa rawa ba. Ba shi da yawan magana. In musu ya yi zafi na dire shi kan teburin aski, kalma ɗaya yake faɗi, dim, kowa ya haɗiye tasa.

A tsakiyarsa akwai hoto. Gada ce da ta karye rabi, soja ɗaya a kanta ya goyo wani mai rauni, ya ba mai hoto baya. Wannan sojan mahaifina ne. Na faɗa, na maimaita, saboda haka kujerar da ke kusa da taga a shagon ta zama tawa, ba mai hawa ko da ina gida kwance da zazzaɓi.

Masu aro ne suka fara cutar da shi. Wani ya dawo da shi da tambarin kofi a bango. Wani ya lashi yatsa ya buɗe shafi a kan idona. Ranar na rantse. Na naɗe marigayin a leda, na ƙara da mayafi, na kwantar da shi a akwatin katako ƙarƙashin gado, jikin bangon banɗaki inda ba mai leƙawa, na rataya mabuɗin a wuya. Shekara da shekaru ba wanda ya sake taɓa shi, har ni, don kada iska ta taɓa lafiyarsa. Da ka nake karanto shi, kuma duk shekara sai in ji ya ƙara bayani a kan jarumtar Baba.

Ya yi jinyarsa cikin haƙuri. Matata ce kaɗai ta ji nishinsa, ƙas-ƙas-ƙas, wata rana tana shara.

"Malam, akwatin nan naka fa tauna yake yi."

Na ce ta tsaya kan tsintsiyarta, tarihi ba na kowa ba ne. Matar da ba ta taɓa bin maganata a kan komai ba, a kan wannan ta bi. Ina so jama'a su san haka.

Wanda ya tura marigayin rami shi ne mijin ƙanwata, Direba, mutumin da bai taɓa kai ƙarshen takardar magani ba. Yau da safe, kumfa a gemu, ya ce:

"Yaya Farfesa, ni fa tsohuwata ta ce a kicin ɗin bariki Baba ya yi yaƙinsa. Albasa kawai ya yanka. Shi ya sa ya dawo da jan ido."

Mai Aski ya tsai da reza, ya yi fuskar masu tausayi.

"A kawo littafin mana, Farfesa, a wanke Baba."

Na kawo. Bangon ja wur kamar ranar da aka buga shi. Na ɗaga shi, na dire. Bai ce dim ba. Ya ce fuf.

Na buɗe. Babu komai a ciki sai ramukan laka da gara farare, ƙosassu, suna watsewa kamar rundunar da aka kashe wa kwamanda. Ta ƙasa suka huda. Sun ci janar-janar, sun ci ministoci, sun ci yarjejeniyar sulhu da duk masu sa hannu. Sun ci gada. Abin da suka rage na hoton ɗan gefe ne, ruwa zalla. Direba ya ɗauka ya ɗaga wa haske.

"Ga ruwan dai, Yaya. Ko Baba ya nutse ne?"

Mai Aski ya share gawar daga teburi da buroshin da yake kaɗe wuyan mutane.

Marigayin ya bar ƙamus marar bango, da littafin kiwon kaji da ba ɓarawon da ya taɓa kallo, da marayu farare masu tumbi waɗanda yanzu suka fi Direba ilimi. Ya kuma bar ni, magajinsa tilo. Tunda shaida ta kwanta, bakina ne littafi. Duk abin da na ce yana ciki, yana ciki. Mai ja ya je ya tambayi gara.

Za a binne shi gobe da safe a bayan gida, a cikin akwatin da ya yi jinya. Matata za ta haƙa, tunda ita ta ji nishi ta yi shiru. Ba a gayyaci Direba ba. Mai Aski zai iya zuwa in ya bar buroshi a shago. Ba a karɓar gaisuwar mai murmushi. Zaman makoki a kujerar taga ne, kuma mutum ɗaya take ɗauka.

Ina shirin sa hannu dariyar tsallaken titi ta ɗauke. Matata ta leƙo, tana murmushin da na haramta.

"Malam, ka yi baƙuwa."

Wata dattijuwa ce doguwa da ban taɓa gani ba, Direba na biye da ita riƙe da jakarta, Mai Aski da masu rabin aski sun cika ƙofa. A tasha Direba ya ɗauko ta, ya ba ta labarina a hanya don nishaɗi, ita kuwa ta sa ya biya da ita gida ta ɗauko wani abu. Abin yana hammatarta. Ƙato ne, mai jan bango.

"Kai ne ɗan sojan kan gada?" in ji ta. "Sannu da rashi. Na zo in ga ƙanin da Babanmu bai taɓa gaya mana ya haifa ba. Sunansa na nan a bayan hoton. Kai za ka karanta ko ni?"

Ta dire shi a kan teburina.

Ya ce dim.