Yadda Za Ki Kwana a Otal a Djougou Ba Tare da Goggon Mijinki Ta Sani Ba

'Yar'uwa, in kina da jinjiri a baya, da miji mai tafiyar aiki, da dangin miji a Djougou, wannan rubutu naki ne. Ki bi matakan nan yadda na jera su, na ba ki tabbaci za ki kwana a otal cikin gidan sauro, kuma ɗanki ba zai haɗiyi komai ba sai nononki. Da kaina na gwada. Ɗana Irfan ga shi nan lafiya lau, yana kokawar ƙwace biron da nake rubutu da shi.

Bari in fara gaya miki inda matsalar take. Lokacin Irfan yana wata biyar. Ungozomar asibitin unguwarmu ta ce nono kaɗai har wata shida, ko ruwa kada ya ɗanɗana, ta rubuta a karnensa, wato katinsa na asibiti, ta ja layi biyu a ƙasa. A Djougou kuwa akwai Goggo Hadjo, yayar mahaifin maigidana, wadda ta goyi maigidan nawa yana jariri. Tana da kwalbar dauri, jiƙon saiwoyi mai ɗacin gaske, kuma duk jaririn da ya ƙetare zauren gidan sai ya sha cokali uku. 'Yar ƙanwar maigidana ta sha bara, ta kwana uku tana gudawa, aka ce ciwo ne ke fita. Ba a taɓa samun wanda ya ce wa Goggo a'a ba.

Gidan kuma gidan fatoma ne tun zamanin fataken goro, inda ayari ke sauka da jakunansa. A ce jinin gidan ya shigo gari ya kama ɗakin haya, daidai yake da a shelanta cewa gidan ya mutu.

Sai Baban Irfan ya samu aikin sayen akaju, wato kashu, a Pélébina kusa da Djougou, ya ce mu je tare in ɗan huta. Kada ki ce me ya hana ni zama a Parakou. Wata biyar ban ga komai ba sai bangon ɗaki da bokitin wanki.

Mataki na 1: Ki cusa masa shawarar har ya ɗauka tasa ce

Kada ki ce, "Tsoron goggonka nake." Shi ma tsoronta yake, kuma namiji ba ya son a tuna masa. Ki ce kin ga abokan aikinsa duk suna zuwa randone, wato hawan dutse don nishaɗi, suna sa hotuna a waya. Ki ƙara da cewa mai randone a otal yake kwana, haka tsarin yake. Daga nan ki yi shiru.

Rana ta uku zai shigo ya ce, "Maman Irfan, na yi wani tunani." Ki buɗe ido ki ce, "Kai, Baban Irfan, ina kake samo irin waɗannan dabarun?" Washegari zai dawo da sabon takalmi. Ki ƙyale shi. Takalmin yana da ranarsa.

Mataki na 2: Haɗa kaya

Ki ɗauki gidan sauronki, domin na otal yana da ƙofofi uku waɗanda sauro ya sani, ke ba ki sani ba. Karnen asibiti, filas na ruwan zafi, sabulu, igiyar shanya, hular jariri. Sai zanen goyo. Namu saƙi ne, shuɗi mai ratsin ja, Goggo ce ta ba ni ranar suna, da shi ta goyi Baban Irfan. Irfan ba ya barci a cikin wani zane in ba shi ba.

Kada ki ɗauki tsaraba. Mai tsaraba mai niyyar shiga gida ne. Wannan ne mafi wuya, don hannunki da kansa zai miƙa. Ni ban san lokacin da turmin atamfa ya shiga ƙasan jakata ba.

Mataki na 3: Kada ki sauka a tasha

Tashar Djougou ba wurin sauka ba ne, wurin rajista ne. Ki ce wa direba ya ajiye ku a gidan man da ke bakin gari, ku tari zem biyu, wato baburan haya. Kafin mai babur ya tsaya, ki tabbata maigida ya sa kaski, hular kwanon nan, ya rufe kai. Ni na makara da daƙiƙa biyu.

Mai zem ɗin, wani dattijo da daga baya na ji sunansa Illiyasu, ya ƙura wa maigidana ido. "Malam, ba jikan Alhaji Ɗanbala ba ne kai? Waɗannan kunnuwan gidan fatoma ne."

Baban Irfan ya juya harshe zuwa Faransanci, ya ce shi mutumin Cotonou ne, bai taɓa zuwa arewa ba.

"Ikon Allah," in ji Illiyasu. "Ashe har kunnen ya kai bakin teku."

Ki lura da wannan: gilashi yana ɓoye ido, hula tana ɓoye sanƙo, amma kunnen dangi sai kaski.

Mataki na 4: Zaɓen masauki

Masu ba matafiya shawara za su ce ki duba ruwa, ki duba wuta, ki duba ko kilim, na'urar sanyaya ɗaki, yana sanyi. Duk wannan daga baya ne. Ki fara duba 'yar gidan wa ce ke zaune a resepsiyon. Ki gaishe ta da Hausa a hankali. In ta amsa, ki juya. Ki gwada Dendi. In ta amsa, ki ƙara sauri. A otal na uku muka samu wata 'yar Bohicon, can kudu, da ta kalle ni kamar na yi tari. Na ji kamar in rungume ta.

Ki karɓi ɗakin bene. Ki ɗaga katifa ki duba, ki goge ko'ina, ki ɗaura gidan sauronki, ki karkatar da kilim kada ya hura wa yaro a ƙirji. Salla kuwa maigida ya yi ta a ɗaki, matafiyi yana da rangwame. Masallacin Djougou ba ya da baƙo: sahu ɗaya zai tsaya, kafin a shafa addu'a an gano kakansa.

Mataki na 5: Idan ta kira waya

Za ta kira. Tsofaffin garin nan suna jin isowar jininsu kamar yadda gwiwa ke jin hadari. Ni ta kira ni ranar da Baban Irfan ya tafi Pélébina wurin manoman akaju, ya bar ni a ɗaki.

Kada ki ɗauka ana kiran salla, ta san muryar kowane ladani a garin. Kada kuma ki yi ƙarya, ke uwa ce. Ki faɗi gaskiya, amma gajeriya.

"Zuwaira, kuna ina?"

"Muna nan, Goggo."

"Mijina fa?" Haka take kiran Irfan, irin wasan kaka da jika.

"Yana nan, yana barci."

"Na yi mafarkinsa. Kamar in miƙa hannu in taɓa shi."

"Allah sarki, Goggo."

Ki ajiye waya, ki ja labule, ki sha ruwa.

Mataki na 6: Hawan dutsen

Tunda da sunan randone kuka zo, dole a hau. Ku fita da sanyin safiya zuwa duwatsun Taneka, ku ɗauki ɗan jagora. Namu sunansa Habou, mutum mai haƙuri da silifas. Ki sa wa yaro hula, ki ɗaure shi sosai, ki riƙe lema. Maigida zai sa sabon takalminsa, ya riƙe sanda, ya wuce gaba yana ba da labarin yadda kakanninsa suka taka daga Kano har Gwanja da ƙafa. Labarin yana ƙarewa ne a hawa na biyu.

Wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta wuce mu sau biyu, tana hawa da tana saukowa. A karo na biyu ta tsaya ta yi wa Habou magana da yarensu. Na ce me ta ce.

"Ta ce me kuke nema a sama."

"Ka ce mata me?"

"Na ce ba komai. Ta ce Allah ya sa ku samu."

Da kin kai inuwar farko, ki zauna ki ba yaro nono. Dutse ba ya gudu, kuma daga ƙasa ma ana ganinsa. Baban Irfan ya kai ƙololuwa, ya ɗauki hoto, ya sauko da takalmi a hannu da bororo shida a ƙafa. Irfan kuwa ya yi tumbuɗi ya jiƙa zanen goyo sharkaf.

Mataki na 7: Wanki

Kayan jariri a rana ake shanya su, rana ce ke kashe ƙwayoyin cuta. A kan wannan ba na ja da baya ko a gaban wa. Da muka koma na wanke zanen, na ɗaura igiyata a barandar bene, na baza shi tsaf don rana ta same shi ko'ina.

Shawarata a nan ɗaya ce: kafin ki shanya, ki leƙa ki ga ina barandar take kallo. Tamu hanyar babbar kasuwa take kallo, kuma ranar kasuwa ce. Zanen da ya goyi yara goma sha ɗaya a gidan fatoma ya wuni yana kaɗawa a saman otal kamar tutar gwamnati.

Mataki na 8: Idan an ƙwanƙwasa

Bayan la'asar za a ƙwanƙwasa. Ba ƙwanƙwasar ma'aikacin otal ba, wannan da sanda ake yi.

Goggo Hadjo ce, Illiyasu a bayanta riƙe da kulolin abinci, yana murmushi. "Ɗan Cotonou, ga Hadjo na kawo."

Ba ta kalli kowa ba sai Irfan. "Mijina! Ashe sato ka aka yi aka kulle a bene? Mata huɗu suka zo yi mini jaje daga kasuwa. Suka ce, Hadjo, ko gobara kuka yi, mun ga zanenki a otal." Sai ta juya wajen maigidana. "Labaran, ubanka ya san ka kama ɗakin haya a garin da kakanka ya ciyar da ayari?"

Baban Irfan yana zaune, ƙafafu cikin bokiti. "Goggo, randone ne."

"Me aka saya?"

"Ba a sayen komai."

"Me aka sayar?"

"Tafiya ce kawai, Goggo."

"Kakanka in ya taka dutse, da goro yake dawowa. Kai da bororo."

A nan ne za ki zaro atamfar nan ki ajiye a gabanta, kin gane yanzu dalilin da hannunki ya fi ki hankali. Za ta shafa ta, fuskarta ta ɗan saki. Sai ta zauna a bakin gado, ta ɗora Irfan a cinya, ta sa hannu cikin mayafi ta fito da kwalba da cokali.

Mataki na 9: Ki buɗe baki

Babu sauran dabara. Maigida zai ɗaga kai yana nazarin silin. Cokali ya cika, yana tafiya wajen bakin ɗanki, shi kuma sakaran ya wangale baki yana dariya.

Na durƙusa na riƙe hannunta. Na ce, "Goggo, don girman Allah kada ki ba shi. Nono kaɗai aka ce. Ba zai sha ba."

Goggo ta kalle ni.

"Don cokali uku kuka binne ni da raina a gari?"

"E, Goggo."

"Shekara arba'in ina bayarwa, ba uwar da ta taɓa buɗe baki. Ni na ɗauka so suke." Ta janye cokalin. "Ɗanki ne, ke za ki kwana da kukansa. Amma an riga an zuba, kuma ba a mayarwa. Labaran, buɗe baki. Wanda ya hau dutse ba saye ba sayarwa, shi ke buƙatar magani."

Ya sha uku na Irfan, ta ƙara masa uku nasa.

Saura maganar kwana. Ta ce baƙon gidansu ba ya kwana inda ba ta nan. Ta danna katifa da tafin hannu, ta ɗaga fuska wajen kilim ta lumshe ido. "Wannan iskar daga ina ake kawo ta?" Nan take ta yanke hukunci: Labaran ya bi Illiyasu ya je ya kwana a zauren gida, gari ya shaida baƙo ya sauka. Ita za ta zauna ta tsare mijinta.

Kwana biyu muka ƙara. Maƙwabta suka riƙa aiko da abincin baƙo har bene, 'yar Bohicon ta koyi cewa "sannu da zuwa". Na kwana a otal, cikin gidan sauro, Irfan bai haɗiyi komai ba sai nono. Abin da na yi miki alkawari ke nan tun farko, in kin koma kin duba.

A kula

Ba ruwana da bororon ƙafa, ko cikin maigida da zai kwana biyu yana ƙugi, ko mai zem da ya san kunnuwan danginku. In goggon mijinki ba irin tawa ba ce, ki nemi mai ba ki haƙuri, amma kada ki zo ƙofata a unguwar Ladjifarani, ina da nawa a gaba. Goggo Hadjo ta kira jiya, za ta zo Parakou duba idonta ranar Laraba. Na ce zan gyara mata ɗaki. Ta ce kada in wahalar da kaina, a kama mata otal, na bene, mai iskar nan. Kuma kada dangi su ji.