Rasuwar Ɗan-Aike, Wanda Aka Cire wa Lanƙwasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kai a sama, ni Zulai Muktar, mai gwajin manhaja a wani kamfani da ke Wuse, nake sanar da rasuwar Ɗan-Aike, ɗan rubutun umarnin da na haɗa da hannuna a cikin editar da muke rubuta kod.

Marigayin mai biyayya ne, bai taɓa cewa ya gaji ba. Kafin zuwansa da hannu muke gwaji, ɗaya bayan ɗaya, har ido ya yi ja. Da ya zo, maɓalli ɗaya za ka danna, ya bi aikin kowa ya duba, ya yi ɗan kukansa "ƙit-ƙit", sannan ya jera sunayenmu. Wanda aikinsa bai kammala ba ya rubuta masa "saura", wanda ya kammala kuma "ƙare". Albarkacinsa nake isa gidana a Orozo da sauran rana.

Bai yi doguwar jinya ba. Shugaban sashenmu, Oga Jacob, shi ya kawo sabuwar edita wadda ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Duk inda ta ga ƙ sai ta miƙe ta. Na faɗa masa, ya ce lanƙwasa ado ce kawai. To, ranar da baƙi suka zo duba aikinmu, Oga ya danna maɓallin da kansa a gaban babban allo. Marigayin ya yi aikinsa tsaf, ya rubuta kalamansa na ƙarshe: "Jacob: kare."

Baƙin nan kuwa duk suna jin Hausa. Wani har da riƙe ciki don dariya.

Nan take Oga ya sa aka goge shi. Ni kuma an ce ranar Litinin in tsaya gaban ma'aikata in amsa cewa da gangan na zage shi, in ba haka ba in ajiye katin shiga ofis. Haba! Bawan nan yabon Oga ya yi, cewa ya yi aikinsa ya ƙare. Wanda ya cire lanƙwasar shi ya kawo karen, kuma wallahi ba ni ba ce.

Marigayin ya rasu ya bar ƙannensa biyu da ke ɓoye a filashina na ajiyar fayiloli, da maɓallin da ya koɗe saboda dannawa, da abokiyar aikina Rekiya wadda ta koma gwaji da hannu tana tsaki.

An riga an kai shi makwancinsa a kwandon sharar kwamfutar Oga, ba a ko jira ni ba. Za a yi zaman makoki a teburina ranar Litinin da safe, daidai lokacin da ake jiran in ba da haƙuri. Gaisuwa zan karɓa, haƙuri kam ba zan bayar ba. Idan aikina ne zai bi marigayin, a faɗaɗa ramin ya ɗauke mu mu biyu.